RIKIDOZAN DA AKWATIN TALABIJIN: Kokawar Sana'a a Japan, 1953 zuwa 1963



Na tabbata akwai waɗanda da ganin kan wannan lacca za su ce, me ya haɗa jami'a da kokawar talabijin, wadda yara ke kira resilin? Dattawan da ke nan za su tuna lokacin da ake cika gidan mai akwati da dare don a kalli su Mighty Igor da Power Mike, kuma galibinmu mun ɗauki abin a matsayin nishaɗi kawai. To, akwai ƙasar da wannan wasa ya shiga cikin tarihinta sosai, watau Japan, kuma a kanta zan yi magana.

Da farko ya kamata mu bambanta abu biyu. A kokawarmu ta gargajiya, wadda ake yi bayan an kau da amfanin gona, makaɗi yana kiɗa, ɗan kokawa yana kirari, amma babu wanda ya san wa zai sha ƙasa sai an kama. Kokawar sana'a kuwa, mai shirya wasa ne yake yanke wanda zai yi kaye tun kafin a hau dandali. Faɗuwar gaskiya ce, raunin ma sau da yawa gaskiya ne, amma sakamakon shiryayye ne. Ke nan akwai wani mutum a bayan fage wanda yake zaɓen labarin da jama'a za su gani, kuma wannan shi ne ya sa masanin tarihi ba zai raina wasan ba.

An ci Japan da yaƙi a 1945, sojojin Amurka suka mamaye ƙasar har zuwa Afrilu 1952. A Fabrairu 1953 gidan watsa labarai na ƙasa, NHK, ya fara shirye-shiryen talabijin, kuma a ranar da ya fara, masu akwati da suka yi rajista ba su kai 1,000 ba, domin kuɗin akwati ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda. A Agusta na wannan shekara aka buɗe Nippon Television, tasha ta farko ta 'yan kasuwa, ƙarƙashin Matsutaro Shoriki, mai jaridar Yomiuri. Tashar 'yan kasuwa da kuɗin talla take rayuwa, to wa zai biya kuɗin talla alhali babu akwatuna a gidaje? Dabarar Shoriki ita ce, mai talla idanu yake saye, ba ruwansa da yawan akwatuna. Saboda haka ya sa aka kafa akwatuna a kan dogayen turaku a bakin tashoshin jirgin ƙasa da dandalin gari, kowa ya zo ya kalla kyauta. Abin da ya rage shi ne a sami abin da zai tsayar da mai wucewa.

Nan ne Rikidozan ya shigo. Shi dai tsohon ɗan sumo ne, watau kokawar gargajiya ta Japanawa, kuma ya kai matsayin sekiwake, na uku daga sama. A 1950 ya yanke tukkunsa da hannunsa, wanda a al'adarsu alama ce ta barin sana'ar. Ya tafi Hawai da San Francisco ya koyi kokawa irin ta Amurka, ya kuma koyi yadda ake kasuwancinta, sa'an nan ya dawo gida ya kafa kamfaninsa a 1953.

Ran 19 ga Fabrairu 1954, a zauren Kuramae Kokugikan na Tokyo, Rikidozan da abokinsa Masahiko Kimura suka kara da wasu 'yan'uwa biyu Turawa, Ben Sharpe da Mike Sharpe. NHK da Nippon Television duka suka watsa wasan. An ƙiyasta cewa a bakin tashar Shimbashi kaɗai mutum wajen 20,000 suka taru a gaban akwatin titi, wasu a kan itatuwa, wasu ma ba su hango komai sai dai su ji ihun na gaba su taya su. 'Yan'uwan nan biyu dogaye ne ƙwarai, kowanensu ya haura ƙafa 6 nesa, shi kuwa Rikidozan bai kai ƙafa 6 ba. Tsarin wasan kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Baƙin za su yi ta maguɗi, su haɗu su biyu a kan Kimura idan alƙali ya juya baya, su ja shi kusurwarsu su yi ta duka. Rikidozan yana tsaye bayan igiya yana haƙuri, yana bin doka. Sai tura ta kai bango, sa'an nan ya shigo da sara irin na karate, da gefen hannu, ya yi ta zuba musu a ƙirji har su zube.

Ku dubi wanda ke kallon wannan. Mutum ne da shekara 9 da suka wuce aka ƙone garinsa da bama-bamai, ya ga sojan Amurka dogo, ƙosasshe, yana yawo a titi yana jefa wa yara alewa, shi kuwa yana layin abinci. Yanzu ga ɗan ƙasarsa gajere, mai haƙuri, mai bin ƙa'ida, yana kayar da ƙaton Ba'amurke mai zamba. Ba sai an yi masa fassara ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a gaya wa mai kallon nan ba. Na farko ƙarami ne, har ma abin dariya: su Sharpe mutanen Kanada ne, daga garin Hamilton a lardin Ontario. Na biyun shi ne babba. Gwarzon da ya ɗaga kan Japan ba Bajapane ba ne. An haife shi a 1924 a arewacin Koriya, sunansa na yanka Kim Sin-rak, kuma a lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wanda ya fara a 1910 ya ƙare a 1945. An kawo shi Japan wajen 1940 don ya yi sumo. Daga baya aka sa masa suna Mitsuhiro Momota, aka rubuta cewa mutumin Omura ne a lardin Nagasaki, kuma haka littattafan yara da jaridu suka yi ta faɗa har ya mutu. A wannan zamani Koriyawa wajen 600,000 ne suke zaune a Japan, an raba su da matsayin 'yan ƙasa a 1952, ana raina su, ana hana su ayyuka da gidajen haya. Manyan 'yan jarida da na kusa da shi sun san asalinsa, suka yi shiru. A Janairu 1963 ya ziyarci Koriya ta Kudu, aka karɓe shi hannu bibbiyu, amma a Japan kusan ba a ce uffan ba a kan dalilin wannan karɓa.

Hausawa kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ramin dai ya yi tsawo, kuma a ganina dalili shi ne kowa yana da riba a cikinsa. Tasha tana samun 'yan kallo, kamfanin Mitsubishi mai yin kayan lantarki, wanda ya ɗauki nauyin shirin, yana sayar da akwatuna, har akan hau dandali tsakanin wasa da wasa a share shi da injin shararsu don mata su gani. Jaridu suna sayuwa. Jama'a kuwa ba su tambaya ba, domin ba su son amsar. Ban ga laifin Rikidozan a nan kamar yadda nake ganin na masu jaridu ba. Shi ya san ranar da aka bayyana asalinsa, ranar abincinsa ya ƙare.

Amma kada a ɗauka mutumin kirki ne wanda aka zalunta kawai. Abin da ya yi wa Kimura ya isa shaida. Kimura ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne zakaran judo na zamaninsa, wanda ya karya hannun Helio Gracie a Brazil a 1951. Ya gaji da zama wanda ake duka kullum don wani ya yi suna, sai ya ƙalubalanci Rikidozan. Aka sa wasa ran 22 ga Disamba 1954. Bisa ga abin da Kimura ya faɗa daga baya, an yi yarjejeniya a tashi kunnen doki. Ana cikin wasa sai Rikidozan ya watsar da shiri, ya rufe shi da duka na gaske, mari da shuri, har ya faɗi a sume cikin jini a gaban akwatunan ƙasa duka. Rikidozan ya ce Kimura ne ya fara shurinsa a mara. Ko ma yaya ne, daga ranar babu sauran wanda zai yi takara da shi a Japan. Abin lura shi ne, a ranar da aka yi faɗan gaskiya a wannan dandali, mutane da yawa sun ƙyamaci abin da suka gani. Wanda aka shirya ya fi musu daɗi.

Sauran shekarun na ɗaukaka ne da dukiya. A Oktoba 1957 ya yi awa guda cur da Lou Thesz, zakaran duniya, aka tashi babu kaye, a 1958 kuma ya bi shi Los Angeles ya karɓe kambi a hannunsa. A 1962 aka kawo Freddie Blassie, wanda yakan goga haƙoransa da magagari a gaban 'yan jarida, yana cizon abokan karawarsa a goshi. Jaridu suka ba da labarin wasu tsofaffi da suka mutu don firgita suna kallon jinin a akwati, aka yi ta muhawara a kan abin da ya dace a nuna wa jama'a. A wannan shekara masu rajistar talabijin suka haura miliyan 10, ko da yake bikin auren Yarima Akihito na 1959 ma ya taimaka wajen sayen akwatuna. A Mayu 1963, wasansa da wani mai rufe fuska da ake kira The Destroyer ya sami kashi 64 cikin 100 na masu kallo, wanda yana cikin mafi yawa a tarihin talabijin na ƙasar.

Ran 8 ga Disamba 1963, a wani gidan rawa a unguwar Akasaka, gardama ta haɗa shi da wani ɗan ƙungiyar 'yan daba ta yakuza, mutumin ya soke shi da wuƙa a ciki. Aka yi masa aiki, aka ga kamar ya sami sauƙi, sai ciwon ya ruɓa daga ciki. Ya rasu ran 15 ga wata, yana da shekara 39.

Almajiransa biyu, Giant Baba da Antonio Inoki, waɗanda suka fara wasa rana ɗaya a 1960, su suka gaji fagen, kowane ya kafa kamfaninsa a 1972. Inoki ne ya kara da Muhammad Ali a Tokyo a 1976. Bayan mutuwar Rikidozan ne maganar asalinsa ta riƙa fitowa sannu a hankali, sai kuma Koriya ta Arewa ta ce ai ɗanta ne, ta mai da shi gwarzonta, ta buga littattafai a kansa inda ya zama Bakoriye mai kishin ƙasa da ya fi ƙarfin Japanawa da Amurkawa baki ɗaya. A Afrilu 1995 Inoki ya kai wasa na kwana 2 birnin Pyongyang, ƙasar haihuwar malaminsa, Muhammad Ali yana cikin manyan baƙi, mutum fiye da 100,000 suka cika filin kowace rana. A wasan ƙarshe Inoki ya kara da Ric Flair, Ba'amurke mai farin gashi, kuma kamar yadda aka tsara tun kafin a hau dandali, Ba'amurken ne ya sha ƙasa.