Asalin Turken Rediyo

A cikin shekara ta 1895 wani saurayi mutumin Italiya, wai shi Marconi, ya ɗaga waya tsaye bisa doguwar sanda, sa'an nan ya haɗa ɗaya gefen na'urarsa da ƙasa. Sai ga saƙonsa ya ƙetare tudu, har ya kai wajen mil ɗaya da rabi. Ashe ƙasa ita ce rabin eriya.

Amma ba kowace ƙasa ba. Mai damshi tana taimako, busasshen rairayi irin na Maigatari da Gumel kuwa shanye ƙarfin yake yi. A 1937 injiniyoyin kamfanin RCA na Amurka suka auna, suka nuna maganinsa, watau a binne wayoyin jan ƙarfe kewaye da gindin turke. Manyan tashoshin can suka tsaya a kan guda 120.