Taswirorin Ƙasar Kiwo ta High Plains a Amurka

High Plains shimfiɗaɗɗen tudu ne mai ƙarancin ruwan sama a gabashin duwatsun Rocky, daga arewacin Texas har Nebraska da Wyoming. Ƙasar farautar ɓauna ce ta ƙabilu irin su Comanche da Cheyenne. Manjo Stephen Long ya ratsa ta a 1820, taswirar da ta fito daga tafiyarsa a 1823 kuwa ta kira wurin babbar hamada. Sunan ya daɗe a littattafan makaranta.

Da aka fatattaki 'yan asalin ƙasar, sai safiyoyin gwamnati suka shigo da sarƙar awo mai ƙafa 66, suna bin tsarin dokar 1785: kowace gunduma mil shida tsawo, mil shida faɗi, a yanka ta gida 36, kowane gida eka 640. Layukan a miƙe suke sambal, ba ruwansu da inda rafi ya bi. Dokar Homestead ta 1862 ta ba mai zama eka 160, abin da ya ishi manomi a gabas, amma a nan ko ɗan ƙaramin garke ba zai riƙe ba. Kamfanonin jirgin ƙasa kuma aka ba su gida ɗaya a tsallake ɗaya a gefen layin dogo, taswirar ta koma kamar gurbin dara.

Mai binciken ƙasa John Wesley Powell ya hango matsalar. A rahotonsa na 1878 ya ce a ba makiyayi eka 2,560, iyaka kuma ta bi ruwa. Majalisa ta yi biris. Masu shanu ba su jira ba: sai su mallaki 'yan gidajen da ke bakin mashaya, dajin da ke kewaye ya zama nasu ko da takarda ba ta faɗa ba. Wayar ƙaya ta Joseph Glidden, mai rajistar 1874, ita ta mayar da layin takarda shinge na gaske, ta datse burtalin shanu.

Texas daban take, domin ita ta riƙe filayenta. Ta ba da eka miliyan uku ladan gina mata majalisa a Austin, daga nan gandun kiwo na XIT ya samu a 1885.

Daga baya kamfanoni irin su George A. Ogle na Chicago suka riƙa buga kundin taswirar kowace ƙaramar hukuma, da sunan mai fili a cikin gidansa, da makarantu da gidajen waya. Masu neman asalin kakanninsu da lauyoyin rikicin iyaka har yau suna buɗa su.