Saitokin a ciwon kogunan hanci mai daɗewa

Saitokin wasu ƙananan sinadaran furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa domin aika wa juna saƙo. Su ne ke kunna kumburi, kuma su ne ke hana shi lafawa a ciwon kogunan hanci mai daɗewa, wato kumburin fatar cikin hanci da ta kogunan iska da ke goshi, kumatu, tsakanin idanu da bayan hanci. Ana kiran ciwon mai daɗewa idan ya kai makonni 12. Alamominsa sun haɗa da toshewar hanci, majina mai kauri, nauyin fuska da raguwar jin wari.

Yadda kumburin ke tashi

Idan ƙura, hayaƙi, naman gwari ko ƙwayar cuta suka raunata fatar cikin hanci, sai ta saki saitokin na gargaɗi: IL-25, IL-33 da TSLP. Waɗannan ke tayar da abin da ake kira kumburi nau'i na 2. A nan IL-5 ke tara fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, ta kuma tsawaita rayuwarsu. IL-4 na sa jiki ya ƙera sinadarin kariya na IgE, IL-13 kuma na ƙara yawan majina tare da sassauta haɗin ƙwayoyin fatar. Fatar da ta sassauta ta fi saurin rauni, sai ta sake sakin saƙon gargaɗi, abu ya yi ta zagayawa. Wannan nau'in ne aka fi alaƙantawa da tsiron cikin hanci, da asma, da dawowar ciwon bayan tiyata.

Akwai kuma nau'i na 1 mai intaferon-gama, da na 3 mai IL-17, wanda ke jawo ƙwayoyin nutrofil da majina mai ruɓa. A Turai da Amurka nau'i na 2 ne ya fi yawa a masu tsiron hanci, a China kuwa an fi samun gaurayen nau'o'i.

A ƙasar Zuru

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kawo hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, har kudancin Jihar Kebbi. Lokacin ya zo daidai da sussuka da shiƙar dawa, ga kuma hayaƙin itacen girki. Duk waɗannan suna fusata fatar hanci. Sau da yawa ana ɗaukar ciwon a matsayin murar da ta ƙi tafiya, a yi ta sayen maganin kashe bakteriya a kemis, alhali shi ba ya kashe saƙon saitokin. Tabbatar da ciwon na buƙatar leƙa hanci da na'ura ko hoton CT a wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Magani

Ana farawa da wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta da feshin sitiroyid, wanda ke rage fitar saitokin da dama lokaci guda. Idan bai yi ba, sai tiyata. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar dupilumab, mai toshe hanyar IL-4 da IL-13, ga masu tsiron hanci. A 2021 ta amince da mepolizumab mai kama IL-5. Alluran suna da tsada ƙwarai, kuma nau'i na 2 kaɗai suke yi wa aiki.