Gizon Amurka da Labarin da Ba Shi da Ƙurunƙus

Wani ɗan ƙanwata da ya gama cinye fina-finan Spider-Man a waya ya tare ni da tambaya wata ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci: "Kawu, ashe asalinsa littafi ne? To daga ina zan fara?" Dariya na yi, don bai san girman rijiyar da yake leƙawa ba. Mujallar The Amazing Spider-Man ta fara fita a watan Maris na 1963, kuma a 2022 aka buga fitowa ta 900. Wannan uwar ke nan kaɗai, ban da ƙananan mujallu da suka yi ta tsirowa a gefenta. Wanda zai karanta fitowa ɗaya kullum, sai ya kusa shekara biyu da rabi kafin ya kai ta 900, kuma ya tarar an ƙara wasu a gaba.

Abin da na ce masa shi ne ya karanta shekaru goma sha ɗaya na farko a jere, daga nan kuma ya koma tsintar dami a kala. Ya ce me ya sa. Dalilin yana cikin tarihin abin.

Komik, ga wanda bai saba ba, labari ne da ake bayarwa da zane, akwati bayan akwati, maganar kowa a rubuce cikin ƙawanya a saman kansa. A Amurka ta farkon shekarun 1960 kayan yara ne mai arha, senti 12 kowane kwafi, a karanta a yar. A irin wannan kasuwa ne, a watan Agustan 1962, marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko suka saka wani labari mai shafi 11 a fitowa ta 15 ta mujallar Amazing Fantasy, wadda daga ita aka rufe mujallar. Lee ya sha ba da labarin cewa maigidansa Martin Goodman bai so abin ba: mutane na ƙyamar gizo-gizo, kuma yaro matashi ɗan rakiyar jarumi ne, kamar yadda Robin yake bin Batman, bai isa ya zama jarumin da kansa ba.

Labarin nan mai shafi 11 har yau yana da nauyi. Peter Parker maraya ne, ɗan sakandare a unguwar Queens ta birnin New York, baffansa Ben da matarsa May ne suka raine shi. Gizo-gizon da hasken nukiliya ya taɓa ya cije shi a wajen baje kolin kimiyya, ya samu ƙarfi da iya manne wa bango. Abu na farko da ya fara yi da baiwar shi ne neman kuɗi, ya shiga kokawa, ya fito a talabijin. Wata rana ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, ɗan sanda na ihu a tare, shi kuwa ya kauce ya ce ba aikinsa ba ne. Ba a daɗe ba wani ya shiga gidansu ya harbe Baffa Ben. Da Peter ya kama mai kisan ya ga fuskarsa, sai ga mutumin da ya bari ya wuce.

Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun san gizo da wayo, ya ci ya goge baki ya bar kura da duka. Wannan na Amurka akasinsa ne. Zai doke mugu da dare, da safe ya tarar ba kuɗin haya, Inna May ba lafiya, yarinyar da yake so ta yi fushi don ya saɓa alkawari. Abincinsa ma daga sayar da hotunan kansa yake samu, ga wani editan jarida mai suna J. Jonah Jameson wanda ke amfani da hotunan yana zaginsa a shafin farko. Ditko ya zana shi siriri, a takure, yatsu a lanƙwashe, mutanen gari kuma da fuskokin tuhuma. Ba zane mai daɗin kallo ba ne a karon farko, amma ido na sabawa, daga nan sai ka ga babu mai kama da shi.

Idan mai karatu zai duba abu ɗaya tak daga zamanin Ditko, ya nemi fitowa ta 31 zuwa ta 33. Inna May na bakin mutuwa saboda jinin da Peter ya taɓa ba ta, maganin kuma yana hannun Doctor Octopus a wata maɓoya a ƙarƙashin ruwa. Faɗa ya kaure, ginin ya rufto, wani ƙaton ƙarfe ya danne Peter, ruwa na ɗiga a kansa, ga maganin can yana gani ba ya iya kaiwa. Ditko ya ɗauki shafuka yana nuna yaron nan yana yunƙuri, akwatunan zanen suna ƙara girma a hankali har na ƙarshe ya cinye shafi guda. An sha kwaikwayon wurin, har a fim.

Bayan wannan da 'yan watanni, a 1966, Ditko ya ajiye aiki a fitowa ta 38. Yadda suke aiki a kamfanin Marvel shi ne mai zane ya tsara yawancin abin da zai faru, Lee ya zo ya cika maganganu. Tun 1965 aka fara rubuta sunan Ditko a matsayin mai tsara labari, amma kafin ya tafi ko magana ba sa yi da Lee. Dukansu aikin haya suka yi, jarumin na kamfani ne. Lee ya zama fuskar Marvel, yana leƙowa a fina-finai har tsufansa. Ditko ya rufe kansa a wani ɗan ɗakin aiki a Manhattan yana ƙin 'yan jarida. A shekara ɗaya suka rasu, 2018.

John Romita da ya gaje shi ya shafe shekaru yana zanen labaran soyayya, kuma hannunsa ya nuna. Peter ya yi kyau, ya sayi babur, 'yan mata biyu suka shigo tsakiyar labarin: Gwen Stacy da Mary Jane Watson. Abin lura a nan shi ne lokaci yana tafiya. Peter ya gama sakandare a 1965, ya shiga jami'a, ya bar gidan Inna May ya kama ɗaki da abokinsa Harry Osborn. Masu karatu suna girma, shi ma yana girma. Abin da ke faruwa a Amurka ma yana shigowa: zanga-zangar ɗalibai, abokin karatu da aka tura yaƙin Biyetnam, da baƙar fata Robbie Robertson da ya zama edita mai hankali a jaridar Jameson tun 1967. A farkon shekarun 1970 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta roƙi Lee ya rubuta labari kan illar ƙwaya. Hukumar tace komik da aka kafa a 1954 ta ƙi sa hatiminta don labarin ya ambaci ƙwaya, ko da yake don gargaɗi ne. Marvel ta buga fitowa ta 96 zuwa ta 98 ba hatimi, aka saya, hukumar ta sassauta dokar.

Sai 1973. Marubucin lokacin, Gerry Conway, shekararsa 20. A fitowa ta 121 Green Goblin, wato Norman Osborn mahaifin Harry, ya sace Gwen ya jefo ta daga saman gada. Spider-Man ya harba zarensa ya kamo ta ta ƙafa, ya jawo ta yana yabon kansa, sai ya ga ba ta motsi. A jikin zanen, kusa da wuyanta, akwai wata 'yar ƙaramar kalma mai nuna ƙarar karyewa. Daga baya editocin suka tabbatar a shafin wasiƙu cewa fizgar zaren ce ta kashe ta. Kafin ranar, yaro mai karanta komik ya san jarumi zai iso a kan lokaci ya ceci budurwarsa. Osborn shi ma ya mutu a fitowa ta 122, abin hawansa ya tsire shi.

A nan na ja wa ɗan ƙanwata layi. Ba don abin kirki ya ƙare ba ne. Akwai ɗan gajeren labarin Roger Stern a fitowa ta 248, ta farkon 1984, inda Spider-Man ya ziyarci wani yaro mai tara duk abin da ya shafe shi, ya zauna ya amsa masa tambayoyi, har ya cire abin rufe fuskarsa ya faɗa masa sunansa. Sai a akwatin ƙarshe ake sanin yaron na da sankarar jini. Akwai na J. M. DeMatteis da Mike Zeck a 1987, mai kashi shida, inda mafarauci Kraven ya harbe shi ya binne shi da rai na mako biyu, ya sa kayansa ya shiga gari. Waɗannan sun isa a ajiye su kusa da kowane gajeren labari mai kyau. Amma kowannensu tsibiri ne. Kogin da ya haɗa su ya daina gudu.

Dalilin na kasuwa ne. Da Spider-Man ya koma hoton jikin riga da jakar makaranta da wasan yara, sai tsufansa ya zama asara. Kamfani na buƙatar kowace shekara yaro ɗan shekara goma ya tarar da Peter kamar yadda babansa ya tarar da shi. Amma masu saye na kowane wata suna son a girgiza su. Mafita ita ce a yi babban canji da ganga da talla, a sayar, bayan shekara biyu ko uku a warware shi.

Duba yadda aka yi da aurensa. A 1987 aka ɗaura wa Peter da Mary Jane aure, har aka yi biki da 'yan wasa a filin Shea na New York, Stan Lee ne ya tsaya a matsayin mai ɗaurawa. Tun daga lokacin wasu editoci ke ganin auren ya tsofar da shi. A 1994 aka fito da dabara: wani kwafin Peter da wani masanin kimiyya ya ƙera a wani labarin 1975 ya dawo da sunan Ben Reilly, aka ce ai shi ne na gaskiya, wanda aka yi shekara ashirin ana bi kuwa jabu ne. Nufin shi ne mai aure ya tafi da matarsa, gwauro ya karɓi aiki. Masu karatu suka tayar da ƙura, labarin da aka shirya na 'yan watanni ya ja shekara biyu, a ƙarshen 1996 aka ce a'a, Peter ne na gaskiya. Wa ya ƙulla makircin? Norman Osborn, wanda ya mutu tun 1973, ashe bai mutu ba. A watan Disamban shekarar Marvel ta je kotu ta bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinta, kodayake wannan ya fi alaƙa da rikicin masu hannun jari da rushewar kasuwar komik gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Inna May. A fitowa ta 400, a 1995, DeMatteis ya rubuta mutuwarta da natsuwa: ta gaya wa Peter cewa ta daɗe da sanin sirrinsa, kuma tana alfahari da shi, sannan ta cika a gadonta. Shekara uku bayan nan aka ce wadda ta mutu wata 'yar wasan kwaikwayo ce da Osborn ya sauya wa kama, Inna May na nan da ranta. Wanda ya zubar da hawaye a 1995 wa zai kai wa ƙara? Kraven ma an tashe shi a 2010.

Aka zo 2007 aka gama da auren. An harbi Inna May, likitoci sun sallama, sai wani iblis mai suna Mephisto ya ce zai cece ta idan Peter da Mary Jane suka yarda a shafe aurensu daga tarihi, kamar ba a taɓa yi ba. Suka yarda. Babban edita Joe Quesada ne ya matsa a yi, marubucin kansa J. Michael Straczynski ya fito fili ya ce bai gamsu da yadda aka yi ba. Jarumin da aka gina kan ɗaukar nauyin kuskurensa sai ga shi yana ciniki da shaiɗan don ya tsere wa sakamakon abin da ya jawo. Shekara biyu bayan haka Disney ta sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4.

Za a iya ce mini ai Gizon namu ma haka yake, a kashe shi a tatsuniyar daren yau, gobe ya fito da sabuwar dabara, ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Gaskiya ne. Amma kaka ba ta taɓa ce mana tatsuniyar yau ci-gaban ta jiya ba ce. Tana kaiwa ƙarshe ta ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Komik kuwa yana karɓar kuɗinka a kan alkawarin cewa labari ɗaya ne mai tafiya, lamba bayan lamba. Wanda ya ɗauke shi kamar tatsuniya, ya zaɓi bakin mai bayarwa, Stern ko DeMatteis ko wani, ya saurara ya tashi, zai ji daɗinsa. Wanda ya riƙe alkawarin shi ke shan takaici. Abin dariya, a 2024 Marvel ta fito da wani jerin dabam na Jonathan Hickman, a wata duniya ta dabam, inda Peter magidanci ne da Mary Jane da 'ya'ya biyu, kuma ya yi kasuwa sosai.

Ɗan ƙanwata ya dawo bayan wata biyu ya ce ya kai ta 122, yana tambaya ko ya ci gaba. Na ce ya fara gaya mini shafin ƙarshe. Ya ce Peter ya koma ɗakinsa a wargaje, ya tarar da Mary Jane tana jiransa, ita da aka sani da son rawa da guje wa duk wani abin baƙin ciki. Ya gaggaya mata maganganu masu zafi, ya ce ta fita. Ta nufi ƙofa tana hawaye, ta kama ta, ta tsaya jim, sannan ta tura ta ta rufe, tana daga ciki.