Gandun Ƙarƙashin Teku da Magadan da Ba Su Da Gaɓa

A wata safiya ta hunturu, ina cikin karanta wa ƴan ajina wani nassi na Faransanci da ke bayanin yadda ruwan teku yake gudana daga wata nahiya zuwa wata, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, mu da ko kifin teku sai ƙanƙararre muke ganinsa a kasuwa, ina ruwanmu da wannan?" Ajin ya fashe da dariya, domin kalmar ruwa ta faɗo daidai gurbinta. Na ce mata ta riƙe darasin saboda yana iya fitowa a jarrabawa. Amsa ce ta malamin da aka ritsa, kuma tun ranar take damuna.

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ƴar Lamorde ce, ruwa mafi girma da ta sani shi ne kogin Isa, wanda ya shigo wa iyayenta har ɗaka a ambaliyar 2012, ya kuma komo a 2020. Teku kuwa, mai son ganinsa sai ya bi ta Doso da Gaya, ya ƙetare gada zuwa Malanbil, ya ratsa ƙasar Benin daga arewa zuwa kudu, tafiyar fiye da kilomita 1000, kafin ya tsaya a gaɓar Kwatano. Duk da haka, a watan Agusta na 2013 Nijar ta shiga Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Dokar Teku, ta samu kujera a majalisar da ke kula da fiye da rabin ƙasan tekun duniya. Kaɗan daga cikinmu ne suka ji labarin, balle su san yadda aka yi kujerar ta samu.

Mafarin zancen shi ne wani jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger, wanda ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876 yana jefa igiya yana auna zurfi. Daga cikin abin da ya yaso daga gindin teku akwai waɗansu baƙaƙen duwatsu masu kama da curin dawo, cike da manganis, tare da nikel da kobalt da jan ƙarfe. Suka zauna a ɗakunan adana kayan tarihi kusan shekara 90 ba wanda ya damu da su. Sai a shekarun 1960 aka fara lissafin kuɗin da ke cikinsu, aka gane cewa a shimfiɗe suke birjik a zurfin mita 4000 zuwa 6000, musamman a tekun Fasifik tsakanin Hawai da Meziko. Ƙasashen Afirka a lokacin ba su daɗe da samun mulkin kai ba, kuma ba su manta da taron Balin na 1884 ba, inda masu jiragen ruwa suka zauna suka raba nahiya ba tare da an kira masu ita ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 1967, jakadan ƙaramin tsibirin Malta, Arvid Pardo, ya tashi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi na fiye da awa uku, yana roƙon kada a bar ƙasan teku ya zama na wanda ya riga isa. Ya ce a mai da shi gadon ɗan Adam baki ɗaya. Majalisa ta amince da wannan ƙa'ida a 1970, aka buɗe babban taro a 1973, aka yi shekara tara ana ja-in-ja, kafin a sa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982. Kwamitin da ya yi fama da batun ƙasan teku, ɗan Kamaru ne ya shugabance shi, Paul Bamela Engo.

Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san bambancin gandu da gamana, saboda haka dokar ba za ta yi masa wuyar ganewa ba. Kowace ƙasa mai gaɓa an yanka mata gamanarta, wato kilomita 370 daga bakin ruwa. Abin da ke kwance a ƙasan teku can bayan iyakokin ƙasashe kuwa gandu ne, na mai gaɓa da marar gaɓa, kuma dokar ta ambaci ƙasashe irin tamu, ta ce a kula da bukatunsu. Sai dai wakilan ƙasashe masu tasowa sun san abin da kowane manomi ya sani, cewa mai rabo a gandu in ba shi da hauya, ɗan kallo ne. Don haka suka nace aka rubuta abu biyu. Na farko, hukumar gandun za ta kafa nata kamfanin haƙa da sunan kowa. Na biyu, duk kamfanin da aka ba izinin aiki, wajibi ne ya sayar wa wannan kamfani na kowa da fasaharsa a kan farashi na adalci.

Wannan sharaɗi na biyu yana cikin abubuwan da suka sa gwamnatin Ronald Reagan ta Amurka ta ƙi sa hannu, Ingila da Jamus ta Yamma su ma suka ja baya. Aka yi shekara 12 yarjejeniya tana kwance. Da za ta fara aiki a 1994, sai da aka yi mata kwaskwarima domin a jawo masu kuɗi da jirage, kuma a cikin kwaskwarimar nan aka shafe wajabcin miƙa fasaha. Abin da ya saura shi ne sharaɗin cewa kowane mai kwangila ya horar da waɗansu ƴan ƙasashe masu tasowa, ya ɗauke su a jirginsa ko a ɗakin bincikensa na ƴan makonni ko watanni. Kamfanin kowa da kowa kuwa bai taɓa yaso ko tsakuwa ɗaya ba.

Daga 2001 hukumar, wadda ke da mazauni a Kingston, ta ba da kwangilolin bincike wajen 30. Akwai Sin da Rasha da Japan da Faransa da Jamus da Indiya da Koriya ta Kudu, har da ƙananan tsibirai kamar Nauru da Tonga, waɗanda suka tsaya wa kamfanonin baƙi. Har zuwa 2024 babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin jerin, alhali kuwa ɗan Gana ne, Nii Allotey Odunton, ya riƙe hukumar daga 2009 zuwa 2016. Ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a nan. Masanan Faransa ne suka gano yuraniyom a Azelik a 1957, aka fara haƙarsa a Arlit a 1971, kuma makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG, wadda ke nan maƙwabtanmu a Harobanda, ba ta buɗe ƙofa ba sai 1990. A tsakanin nan, mai auna tamar shi ne mai sayenta.

Ba kwaɗayin duwatsun nake son cusa wa mai karatu ba. Curin nan yakan yi shekara miliyan kafin ya ƙaru da ƴan milimita, akwai halittu da ke rayuwa a kansa waɗanda ko suna ba a sa musu ba tukuna, kuma ƙasashe da dama sun nemi a dakata da batun haƙa har sai an san ɓarnar da za a yi. Ranar da za a yanke hukunci, ƙuri'ar Nijar a babban zauren hukumar ɗaya take da ta Sin. Abin tambaya shi ne wane ne zai karanta wa wakilinmu rahoton masana kafin ya ɗaga hannu.

Amma hasarar da rashin sanin teku ya taɓa jawo mana ta fi ta ma'adinai ciwo, kuma a nan nake son abokaina malamai su dakata. Manyanmu suna tuna farin 1973, wanda ya share garkuna, ya kuma kasance cikin dalilan faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Suna tuna na 1984. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin da ya karɓu ƙwarai: dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa hadari ya daina haɗuwa. Ma'ana, mu muka kori damana da hannunmu. Wannan magana ta shiga rahotannin masu ba da agaji, ta shiga littattafan lakwal, har ni kaina na haddace ta ina yaro, na kuma rubuta ta a jarrabawa aka ba ni maki. Makiyayi da mai saran itace suka ɗauki laifi shekara da shekaru.

Waɗanda suka fara warware zargin, masu auna teku ne. A 1986 Chris Folland da abokansa na ma'aikatar yanayi ta Ingila suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani sauyi na ɗumin ruwan teku: arewacin Atilantika ya yi sanyi, kudancinsa da tekun Indiya sun yi zafi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa wa kwamfuta bayanan ɗumin teku kaɗai, ba tare da lissafin akuya ko gatari ba, sai ga fasalin damanarmu ta ƙarni na 20 ya fito, da shekarun yalwa na 1950 da na fari da suka biyo baya. Dalilin a fili yake. Iskar damana daga teku take ɗebo raɓa, kuma layin hadari yakan karkata wajen da ruwa ya fi ɗumi, to in arewa ta huce sai ya tsaya a kudu ya bar mu da rana. Daga baya aka gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a sanyaya arewacin Atilantika. Zaizayar ƙasa gaskiya ce, kowa ya ga dajin da ke kewaye da Yamai ya sani. Amma ba ita ta hana ruwa sauka a 1984 ba.

Ko tarihinmu na can da, a gindin teku aka ajiye wani sashe nasa. Ƙurar hunturun da ke shiga mana ido tana wucewa har Atilantika ta kwanta a ƙasa, shekara bisa shekara, kamar shafukan littafi. A 1986 wani jirgin haƙa ya ciro dogayen sandunan laka daga ƙasan teku daura da gaɓar Muritaniya, kuma da Peter deMenocal ya karanta su a 2000, sai ya ga ƙurar ta ƙaru ƙwarai kimanin shekara 5500 da suka wuce. Lokacin ke nan da Sahara ta bushe, Saharar da mutanenta suka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus, suka kama kifi a tafkin Gobero.

To, yaya ƙasa marar gaɓa take samun masu irin wannan sani? Ba sai mun yi nisa ba, misalin yana bakin hanyar da ɗalibaina suke bi kullum. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel shida suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu, kuma a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a wannan gaɓa tamu. Ba taron bita na mako biyu aka shirya ba. Makaranta aka gina, da ɗakunan kwana da na'urori da malamai zaunannu, aka riƙa yaye masu auna ruwan sama da kogi da amfanin gona aji bayan aji. Daga 1998 masanan Afirka ta Yamma suka fara zama kowace shekara kafin damana suna fitar da hasashensu, kuma abu na farko da suke dubawa shi ne ɗumin ruwan teku. Kusan shekara 25 aka yi daga aza tubali zuwa wannan zama. Haka Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi da hasken rana: ya zauna a ONERSOL ya ƙera na'urorinsa a gida, bayan ya riga ya rubuta a littafinsa na 1964 cewa a koyar da ƴaƴan Afirka da harsunansu.

Ƙofofin teku ma ba a rufe suke ruf ba. Tun 2008 aka buɗe karatun digiri na biyu a kan kimiyyar teku a Kwatano. Shirin WASCAL, wanda Nijar take ciki kuma jami'ar Yamai ta karɓi reshensa na makamashi, ya sa reshensa na teku a Mindelo ta Kap Ber, har a 2022 aka ɗauki ɗalibansa a jirgin bincike na Jamus suka yi darasi a tsakiyar ruwa. Sabuwar yarjejeniyar kare halittun teku da aka amince da ita a 2023, wadda ta cika ƙasashe 60 da ake bukata a watan Satumba na 2025, ta ware babi guda domin horarwa da miƙa fasaha. Mun riga mun ga abin da ya sami irin wannan alkawari a 1994, don haka ni dai ban yi guɗa ba tukuna. Kuma ko an cika shi, gurbin yana neman wanda ya iya lissafi da kimiyya, wanda wani malami ya taɓa gaya masa tun yana kwaleji cewa abin ya shafe shi.

Da hutu ya zagayo na je Adar, na roƙi wani aboki ya tsinto mini dutse daga tuddan da ke wajen Malbaza. Farar ƙasar da ake toya siminti da ita a can, da ta Kalambaina a Sakkwato, ragowar halittun wani teku ne da ya ratsa ƙasar nan kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ya kawo mini guda mai ɗauke da zanen ƙwaryar wata halittar ruwa, sarai kamar an buga hatimi. Na kai shi aji, ya zaga hannu zuwa hannu har ya isa bencin baya. Yarinyar ta juya shi sau biyu, ta tambaye ni sunansa da Hausa. Da Faransanci na san shi, da Hausa na tsaya cak. Wani ya ce katantanwar dutse, wata ta ce ai ba ta naɗe ba, sai dai makankari, aka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa, dutsen kuma ya tafi gida a cikin jakarta.