Huɗu: tarihin kalmar da danginta a ƙasar Haɗeja

Huɗu na cikin tsofaffin kalmomin Hausa na gado, waɗanda ba a aro su daga kowa ba. Tsohuwar surarta ita ce fuɗu, haka ma masanin harshe Schön ya rubuta ta a nahawunsa na 1862, kuma har yau ana jin ta a bakin wasu. Bahaushe yakan mai da f ta koma h idan u na biye da ita, kamar yadda ake jin fura da hura, ko fuska da huska.

Fadamar kogin Haɗeja wuri ne mai kyau na gane asalinta, don a nan harsuna na zuriya uku suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Bafulatani yana cewa nayi, Babarbare yana cewa degə. Amma Badawa na wajen Guri da Gashuwa fəɗu suke cewa, haka ma Ngizim na Potiskum, waɗanda kalmarsu ta takwas, dandafəɗu, ke ɗauke da huɗun a cikinta. Wani zai ce ai zaman tare ne ya sa Badawa suka ara daga Hausa. Wannan bai tsaya ba. Bolawan Fika suna da poɗɗo, kuma ana samun irin wannan sura har cikin harsunan Kamaru da Chadi, inda Hausa ba ta yi tasirin da za ta sauya wa mutane ƙirga ba. Gado ne daga uwa ɗaya, wato tsohon harshen da masana ke kira Chadi na asali.

A da, dangin Bade sun fi haka yawa a yankin. Auyokawa da Shirawa da Teshenawa duk suna da harsunansu, 'yan gida ɗaya da Bade, kafin Hausa ta haɗiye su. Ke nan da yawa daga mutanen Auyo, kakanninsu sun bar wani harshen Chadi ne suka kama wani.

Wani masani, Koelle, ya tattara kalmomin Bade da Ngizim da danginsu Duwai daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya buga a 1854. Masanin harshe Greenberg ne ya tabbatar da harsunan Chadi a matsayin reshen babban gidan Afro-Asiya, sannan Paul Newman da Roxana Ma suka jera kalmomin gadon a 1966. Ta nan aka ga zumuncin ya wuce tafkin Chadi: rubutun Misira ta dā yana da fdw, Beja na gabar Bahar Maliya suna da faɗig.

Larabci ɗan wannan gida ne, amma tasa huɗun daban ce, arba'a. Ita ma ta shigo Hausa ta hanyar malamai da fatake, sai dai ba ta ture huɗu ba. Ta zauna a arba'in, wadda ta maye gurbin gomiya huɗu, da arbaminya, wato ɗari huɗu, da rubu'i na rabon gado, da Laraba, rana ta huɗu daga Lahadi, da sunan Rabi'u.

A nahawu, huɗu tana bin abin da ake ƙirgawa: buhu huɗu, ko buhuna huɗu, duka daidai ne. Ita kanta tamace ce, shi ya sa ake cewa biyu da biyu huɗu ce, amma da yake ba ta ƙare da wasalin a ba, mahaɗinta n ne: huɗunsu, huɗun nan. Ana samun matsayi da na ko ta, ɗa na huɗu, mata ta huɗu. Wajen rabo ana ninka ta, huɗu-huɗu, ko a taƙaice hurhuɗu, inda ɗ ta farko ta koma r saboda ta faɗo a ƙarshen gaɓa.