Faifan da ya haifi musu

Kafin 1948, mawaƙin da ya shiga ɗakin naɗar waƙa a Turai ko Amurka ya san iyakarsa, don faifan garmaho na wancan zamani ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 zuwa 5 a kowace fuska. A shekarar ne kamfanin Columbia ya fito da faifai mai juyawa a hankali, wanda kowace fuskarsa ke cin fiye da minti 20. Sai da aka yi kusan shekara 20 kafin samarin Ingila masu kaɗa jita su farga cewa an ba su fili, su ne ba su yi shuka ba.

Da suka farga kuwa, ba su yi da wasa ba. Beatles suka share hanya da Sgt. Pepper a 1967, King Crimson ta biyo da In the Court of the Crimson King a watan Oktoban 1969, faifan da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin salon da ake kira progressive rock. Salon ya ari kiɗan jazz da na manyan makaɗan Turai na dā, yana sauya taki a tsakiyar waƙa, kuma yana so a saurari faifai daga farko har ƙarshe. Bahaushen da ya saba zama ya ji Shata yana jan Bakandamiya ba zai ga abin mamaki a doguwar waƙa ba, amma ga matashin Landan da ya tashi da waƙar minti 3, wannan sabon al'amari ne.

Nan wata al'ada ta kafu. Saurayi ya tara kuɗi ya sayo faifai, abokai su taru a ɗaki, a ɗora allura, kowa ya yi tsit, ana miƙa wa juna kwalin ana kallon zanen da ke jiki. Mai zanen da ya fi suna shi ne Roger Dean, wanda ya yi wa ƙungiyar Yes aiki, kuma shi ya zana giwaye masu fukafukai a faifan Osibisa na 1971, ƙungiyar da 'yan Gana suka jagoranta a Landan. Allura na ɗagawa sai musu ya tashi. Jaridun mako-mako irin su Melody Maker da NME suka zama dandalin wannan musu, da wasiƙun masu karatu da ƙuri'ar gwanin shekara.

Su kansu makaɗan ba su tsira ba. Masu sharhi sun nace cewa Aqualung na Jethro Tull labari ɗaya ne aka jera cikin waƙoƙi. Shugaban ƙungiyar, Ian Anderson, ya ce sam. Don ya yi musu shaguɓe, a 1972 ya fitar da Thick as a Brick, waƙa guda mai minti 40 da ɗoriya da ta cinye fuska biyu, a cikin kwali mai kamar jaridar ƙauye. Shaguɓen ya hau na ɗaya a jerin cinikin faifai na Amurka. A 1973 Yes ta zarce kowa da Tales from Topographic Oceans, faifai biyu, waƙa huɗu kacal. Mai kaɗa musu fiyano, Rick Wakeman, abin ya gundure shi har ya zauna yana cin abinci a kan dandamali ana tsakar wasa a Manchester, daga baya ya bar ƙungiyar. A 1973 ɗin ce kuma Pink Floyd ta fitar da The Dark Side of the Moon, wanda ya yi mako 741 a jerin cinikin faifai na mujallar Billboard zuwa 1988. Ko masu ƙin salon sukan sassauta murya idan an zo kansa.

Sai guguwar punk ta taso a 1976, da waƙoƙi gajeru masu hayaniya. Johnny Rotten na Sex Pistols ya riƙa yawo da rigar Pink Floyd da ya rubuta a jikinta cewa ya tsane su. Jaridun da suka yi ta kirari jiya suka koma tsokana, son dogon kiɗa ya zama abin ɓoyewa. Amma a 1977, da gidan rediyon Capital ya gayyaci Rotten ya zaɓi abin da yake saurare, sai ga shi da waƙoƙin Peter Hammill, jagoran Van der Graaf Generator, ɗaya daga cikin jiga-jigan salon da ake cewa ya binne. Ashe ƙiyayyar ta fi yawa a riga.

Daga ɓaraguzan punk aka samu alternative rock, wanda ya girma a ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'in Amurka. Mujallar Rolling Stone ta zaɓi Murmur na R.E.M. a matsayin gwanin 1983, ta bar Thriller na Michael Jackson a baya. A Janairun 1992 Nevermind na Nirvana ya ture Dangerous na Jackson ɗin daga na ɗaya. Musun ya sauya kama: yanzu tambayar ita ce wa ya sayar da kansa ga manyan kamfanoni, kuma masoyin gaske shi ne wanda ya san ƙungiya tun ba ta da ko sisi.

Hanyoyin biyu sun haɗu a 1997, lokacin da Radiohead, 'yan yankin Oxford, suka fitar da OK Computer. A ciki akwai Paranoid Android, mai fiye da minti 6 da sassa daban-daban. Masu sharhi suka ce ga magadan Pink Floyd, 'yan ƙungiyar suka ce a kai kasuwa, ba su da haɗi da wannan gida. Kunne dai ya fi gaskata masu sharhin. A farkon 1998 masu karanta mujallar Q suka zaɓe shi faifan da ya fi kowane a tarihi, alhali bai cika shekara da fitowa ba, kuma Revolver na Beatles ne ya zo na biyu.